Malamin lissafi ma jari ne

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwa ya san bambancin uwar kuɗi da riba. Mai cin riba halaliyarsa yake ci, amma wanda ya fara taɓa uwar kuɗi, ko ba a faɗa masa ba ya san ranar rufe rumfa ta kusa. Da wannan ma'auni na ƴan kasuwa muke son mu auna wani al'amari da ke damunmu, daga Dakusa har cikin birnin Zinder. Kowannenmu yana fatan a ce ɗansa ya zama likita, ko injiniya, ko masanin aikin gona. Amma malamin da zai koya wa yaron lissafi da kimiyya tun yana ƙarami, shi ne mutumin da ba mu cika tunawa da shi ba. To, jama'a, wannan malamin shi ne uwar kuɗin, kuma mun daɗe muna cin ta.

Mu fara da abin da ido ke gani. Mutumin Dakusa ba ya bukatar a ba shi labarin tankokin mai da ke kai da kawowa a hanyar Tanut. Matatar SORAZ, wadda aka buɗe ranar 28 ga watan Nuwamba na 2011, tana nan arewa da mu, kimanin kilomita 50 daga Zinder. An gina ta ne don ta tace ganga 20,000 a kowace rana, ɗanyen man kuma ta bututu yake zuwa daga Agadem, tafiyar sama da kilomita 400. Da aka kafa ta, kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya riƙe kashi 60, gwamnatin Nijar ta riƙe 40. A watan Maris na 2025 hukumomin ƙasarmu sun sallami manyan shugabanni uku ƴan Sin na kamfanonin mai, kuma cikin dalilan da aka bayar har da bambancin albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Kowa ya ji maganar, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Abin tambaya a nan shi ne: in an ce yau kowace kujera ta koma hannun ɗan ƙasa, ƴaƴan wa za su zauna a kai? Injin tace mai bai san ɗan gari ba, bai san baƙo ba, wanda ya san awon zafi da haɗin sinadarai kaɗai yake yi wa biyayya. Yaron da ya gudu daga ajin lissafi, ko a bakin ƙofar matatar aka yanke masa cibi, da wuya ya wuce gadi ko dako.

Haka batun ruwa yake. Kowa ya san ƙishirwar Zinder, domin birnin a kan dutse yake zaune, irin wanda ba ya riƙe ruwa, kuma ƙarancin ruwan yana cikin dalilan da ake ambatawa na mayar da babban birnin ƙasa Yamai a 1926. Ruwan da ke fitowa a famfunan birni daga nesa ake jawo shi, daga Arunguza da Ganaram a nan arewa, da kuma Gogo da Macaya a kudu. Mutumin da ya ce a haƙa nan, kada a haƙa can, ba duba ya yi ba. Karatun ƙasa da duwatsu ya yi, ya san inda yashi ke ɓoye ruwa da inda dutse zai karya bakin injin a banza. Mai waina da ke sayen ruwan garuwa da tsada a watan Afrilu tana biyan kuɗin ƙarancin irin waɗannan mutane, ko da ba ta taɓa jin sunan karatunsu ba.

Ku tuna kuma da watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ba a maido ta ba sai a Maris na 2024. A waɗannan watanni masu ƙanƙara da masu niƙa da teloli sun ji a jikinsu, jama'a kuma suka ruga sayen faifan sola. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, wani ɗan ƙasar nan ya yi shekaru yana faɗa mana cewa arzikinmu yana bisa kanmu. Farfesa Abdou Moumouni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991, masanin fizik ne da ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, tun daga 1969, inda aka riƙa ƙera na'urorin dafa ruwa da zafin rana. Sunansa ne jami'ar Yamai ke ɗauke da shi tun 1992. Kafin duk wannan ɗaukaka kuwa malamin lise ne, da alli a hannu.

Kada wani ya ce wannan maganar manya ce, ba ta shafi mai tiya da faifai ba. Hajiya mai wake, ki dubi buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda ya fara shigowa kasuwanninmu daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. In an ɗaure kowanne tam, ƙwarin da ke cikin waken sai su shaƙe ƴar iskar da ta rage, daga nan su daina ci da hayayyafa, su mutu, ba tare da an zuba ko ƙwayar guba ɗaya ba. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta jagoranci aikin, amma cikin waɗanda suka gwada shi a ƙasarmu har aka tabbatar da ingancinsa akwai Ibrahim Baoua, masanin ƙwari da ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi. Duk wadda ta ajiye wake tun kaka ta fito da shi da bazara ba huji ko ɗaya, ta ci ribar karatun wani yaro da malamin kimiyya ya riƙe wa hannu a aji.

Kuma wannan harka ba baƙuwa ba ce a Damagaram. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, a nan Zinder maƙera suka riƙa zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi. Wanda ya narka ƙarfe ya zuba shi ya zama igwa ya san zafi, ya san awo, ya san gwaji da sake gwaji. Majema da marina da masu sabulun salo duk da sinadarai suke aiki, kuma kowannensu a gaban gwani ya durƙusa ya koya. Kakanninmu sun san cewa sana'a ba ta wuce wanda ya koyar da ita.

Yau hanyar a buɗe take fiye da da. Tun 2010 Zinder ke da jami'arta, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, kuma ana koyar da kimiyya da aikin likita a cikinta. Akwai makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta ENSP, akwai makarantar horar da malamai ta Askia Mohamed. Yaron Dakusa ba sai ya je Yamai ko Dakar ba kafin ya fara. Amma kafin ya taka ƙofar jami'a sai ya haye CEG, ya ci jarrabawar BEPC, ya shiga lise, ya zaɓi seri C ko seri D, ya kuma samu bak. A kan wannan doguwar hanya ce muke zubar da yaranmu kamar buhun da ya huje, kuma babban hujin yana wajen lissafi da fizik da shimi. Yaro ya rasa gane darasi guda a aji na farko na CEG, babu wanda zai maimaita masa, na biyu ya hau kan na farko, kafin shekara ta ƙare ya yanke wa kansa hukunci cewa kansa ba na lissafi ba ne. Alhali kansa lafiya lau, malami ne bai samu ba.

Ina malaman suka shiga? Tun ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar malamai a kan kwantaragi maimakon cikakken aikin gwamnati, har aka kai lokacin da su ne mafi yawa a azuzuwa. Abin da ake biyan su kaɗan ne, kuma an sha yajin aiki saboda jinkirin biyan. Wanda ya yi digiri a lissafi ko fizik yana da ƙofofi da yawa da zai ƙwanƙwasa, daga kamfanonin waya zuwa ƙungiyoyin agaji, don haka koyarwa a ƙauye takan zame masa rumfar fakewa kafin ruwa ya ɗauke. Ba abin mamaki ba ne a tarar da CEG na karkara inda malami guda ke ɗauke da lissafi da fizik da ilimin halittu gaba ɗaya, a ajin zana, ba ɗakin gwaji, yara suna haddace sunan abin da ba su taɓa gani da ido ba. Gyaran albashi da gina azuzuwa nauyin gwamnati ne, kuma mu da ke bayan makirfo ba za mu gaji da tuna mata ba.

Sai dai akwai rabonmu a cikin laifin. A garuruwanmu mushe shi ne wanda ake tsawwala wa kuɗin haya saboda baƙo ne mai albashi. Shi ne wanda mai kanti ke ɗaure wa fuska in wata ya yi nisa. In ya nemi aure a ce ɗan kwantaragi ne, a ba mai shago a Agadas. Yaranmu suna kallo, suna ji, kuma ba wawaye ba ne. Yaron da ya fi kowa lissafi a aji, in ka tambaye shi abin da yake son zama, zai ce duwan ko soja ko ɗan kasuwa, ba zai ce malami ba, domin ya ga yadda muke yi da nasa. In gwanayen wannan zamani duk suka guji alli, wa zai koyar da jikokinmu? Manomin da ya cinye irinsa da rani shi ke zagayen maƙwabta ranar shuka.

Mun san abin da wasu za su ce, domin muna jin sa a wayoyin da ake bugo mana: ga masu digiri nan suna kabu-kabu, ga waɗanda ba su taɓa shiga aji ba suna gina benaye. Gaskiya ne, akwai su, kuma ba za mu yaudari kowa da cewa takarda tana ba da aiki ba. Amma ku duba da kyau ku ga wa ake nema ruwa a jallo idan famfon sola na gari ya tsaya, ko firjin allurar rigakafi ya lalace, ko cuta ta shiga garken awaki. Sau nawa ake jira kwana da kwanaki kafin mai gyara ya zo daga Zinder, wani lokaci ma daga Kano? Kuɗin motarsa da na aikinsa daga aljihunmu suke fita. Ba kowane yaro zai zama farfesa ba, ba a ma bukatar haka. Mai gwajin jini, da mai haɗa wutar sola, da ma'aikacin dabbobi, da mai ba manoma shawara, kowannensu ɗan kimiyya ne daidai gwargwado, kuma tushensu guda ne: lissafin aji shida da na CEG. Shi kansa mai benen, in ɗansa ya kwanta ciwo, hannun ɗan wani da ya yi karatu yake miƙa shi.

Iyaye mata, ga taku ta musamman. Kowace mace ta fi son ta tarar da mace ƴar'uwarta a ɗakin awo da ɗakin haihuwa. To, ungozomar asibiti daga ina za ta fito in an cire ta daga aji don talla ko don aure? Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma a watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ɗiya mace har zuwa shekara 16. Doka ba ta shiga tsakar gida, uwa ce ke ciki. Mun san tallan yarinya shi ke cika tukunyar wasu gidaje, ba mu raina wannan ba. Amma a iya tsara shi, a bar mata safiya da lokacin bita, a ɗora tallan a ranakun da ba lakwal.

Kuma kada wata ta ce ita jahila ce, ba ta da abin da za ta koya wa ɗiyarta. A ce kin sayi buhun hatsi jika 24, ga tiya 40 a ciki. Kafin mai alƙalami ya buɗe littafi kin san tiya ta kama dala 120, kin ɗora kuɗin dako da na mota, kin san inda riba ta fara. Wannan rabawa ce da tarawa, su ake koyarwa a aji. Abin da ke rikita yaro shi ne a gida da dala yake ƙirga, a aji kuma da faran da harshen Faransanci, sai dala 120 ta koma 600, ya zaci wani sabon abu ne daga sama. Abdou Moumouni ya rubuta tun 1964, a littafinsa kan ilimi a Afirka, cewa a koyar da yara da harsunansu. A Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma a watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Kafin littattafan kimiyya da Hausa su wadata, ke ce za ki haɗa masa lissafin rumfa da na allo. Ki ba shi cinikin yini ya rubuta, ki sa ya fitar miki da riba.

Yanzu ga waya ta shigo tsakani, wasu har suna cewa ta ɗauke wa malami aiki. Ba mu musun amfaninta. Zaurukan WhatsApp sun zama sabuwar fada: ƴan gari da ke Libiya da Aljeriya da Legas suna jin labarin gida, ƴan kasuwa suna sanin farashin Bakin Birji da na Kasuwar Dole kafin su ɗaura kaya, wanda bai iya karatu ba ya aika saƙon murya. Ƙungiyar zaurukan manoma ta ƙasa, RECA, tana da layin da manomi zai aika hoton ganyen da ya lalace ko saƙon murya da Hausa, masana su amsa masa. Ɗalibin ƙauye yana iya kallon gwajin da makarantarsa ba ta da kayan yinsa. Wannan duk alheri ne.

Amma waya kasuwa ce da ba ta da sarkin kasuwa, mai zuma da mai maɗaci duk rumfa guda suke. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare guda cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har wasu suka rasa rayukansu, alhali cutar ba ta ko kusance su ba. Irin wannan saƙon bai daina zuwa ba: yau maganin da ke warkar da ciwon suga da hawan jini da basir a kwalba guda, gobe murya marar suna tana hana allurar rigakafi. Yankinmu ya ga sanƙarau a ƙarshen 2022 da farkon 2023, ya kuma ga mashaƙo a 2023, cututtukan da rigakafi ke tarewa. Wanda ya zauna gaban malamin kimiyya ko na shekara biyu ne ya koyi tambayoyi uku: wa ya faɗa, yaya aka gwada, mutum nawa aka gwada a kansu? Wanda bai koye su ba, duk abin da aka turo masa sai ya tura gaba. Waya tana iya kawo darasi, amma ba ta ganin fuskar yaro ta gane cewa bai fahimta ba, ba ta zuwa gida ta tambayi dalilin da ya sa yarinya ta yi kwana uku ba ta zo ba.

To, me ke hannunmu? Na farko, masauki. Ƴan kasuwar gari su haɗa kai su tanadi ɗaki mai kyau ga malamin lissafi da na kimiyya, ko kyauta ko da rangwame, domin malamin da ya samu wurin kwana da mutunci ba ya saurin neman canji. Na biyu, adashe. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi a 1991 ya nuna wa duniya abin da dala-dalar mata ke iya yi. A ware wani abu a kowane zubi don fitilar sola ta karatun dare, da littafin lissafi, da ɗan alheri ga malamin da zai yi wa ƴan ajin jarrabawa bita. Na uku, kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar uwayen ɗalibai ba na ƴan boko kaɗai ba ne. Ku shiga, ku tambayi malaman kimiyya nawa ake da su, ku kai kuka gun magajin gari da sufeton makarantu tun farkon shekara, kada a bari sai sakamako ya fito a fara zargi.

Na huɗu, mu sa wayar ta yi mana aiki. Kowane gari yana da ƴaƴansa da suka yi nisa a karatu, wani a jami'ar Zinder, wani a asibiti, wani a matata. A buɗe zaure guda na gari da ba a tura komai a cikinsa sai tambayar karatu da ta lafiya da ta noma, a sa malamin makaranta da ma'aikacin asibiti su zama masu kula da shi. Saƙon magani in ya shigo, a kai shi can tukuna kafin a tura wa dangi. Waɗanda suka yi nisan kuma, in sun zo hutu ko salla, su shiga aji su tsaya gaban ƙannensu ko na awa guda ne, domin yaron da ya ga ɗan unguwarsu ya zama injiniya ya daina ɗaukar abin tatsuniya. Mu ma masu rediyo akwai namu: lokacin da muke sayar wa masu tallan maganin komai-da-ruwanka, ya kamata mu ba malaman kimiyya irinsa su yi wa jama'a bayani da Hausa.

Alhaji, Hajiya, kun san sunan dillalin da ke kawo muku kaya, kun san na direban da ke ɗauko su, kuna da lambar kowannensu a waya. Yau da dare ku tambayi yaranku sunan malaminsu na lissafi, ku ji ko ma suna da shi. In akwai, ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi abin da ya rasa. In babu, ku tashi tsaye ku nema, kamar yadda za ku nemi kayanku da suka maƙale a hanya. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba mu kasuwa mai riba.